Ƙura Na Rubuta

Duk waɗanda suka cika min akwatin saƙo da "Rahmat ki gode wa Allah, irin Salman ba kullum ake samu ba," na gani, na kuma gode. Amma ku gyara zama ku karanta na yau tukuna, sannan ku sake ba ni shawarar. Da kwamfutar aro nake rubuta wannan.

Ga sababbin zuwa, sunana Rahmat Saliu, shekarata ashirin da bakwai. A nan Kontagora aka haife ni, a nan aka haifi Babana, kakana ne ya zo daga wajen Ilori. Ina koyar da kwamfuta a wata 'yar cibiya ta Anti Cecilia da ke kan babban titi. Ƙannena mata biyu duk suna ɗakunansu, saura ni, kuma Mama ba ta bari in manta da hakan ko na wuni ɗaya. Salman shi ne wanda manyansa za su zo sa rana ranar Lahadi mai zuwa. A Minna yake aiki, kamfaninsu na haɗa wa ofisoshi kyamara da intanet. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Ko in ce har zuwa shekaranjiya da la'asar ina sonsa babu ko ɗigon shakka.

Abin da ya sace zuciyata game da shi, yana sanin abin da nake so tun ban furta ba. Wata Juma'a na tuna da irin alawar madarar da Baba ke sayo mana muna yara, ranar Lahadi sai ga ta cikin leda. Mayafina ruwan toka ya ƙone a guga, ban faɗa wa kowa ba don haushi, sai ga irinsa sak. Mama kuwa ai ba a magana. Ta taɓa ce min, "Ke ba ki san Allah na sonki ba. Ranar da na roƙe Shi ya sa yaron nan ya ce a yi abin kafin azumi, washegari ya zo da maganar da bakinsa. Me kike nema kuma?"

Wata huɗu da suka wuce tsohuwar kwamfutata ta mutu murus. Salman ya kawo min sabuwa fil, har ya saka min manhajar Linux a kai don ya san da shi nake aiki. A ranar ya haɗo wa Mama waya mai babban gilashi. Sai da Mama ta zagaye gidaje huɗu tana nuna ta.

To akwai wani sirrina da ko a nan ban taɓa faɗa ba. Tun da Baba ya rasu shekara biyu ke nan, duk Juma'a bayan la'asar nakan rufe ɗaki in rubuta masa wasiƙa. Ba hauka ba ne, na san ba zai karanta ba. Nakan buɗe farin shafi in zazzage masa duk abin da ke raina, in yi kukana, sannan in rufe shafin ba tare da na ajiye ba. Ko harafi ɗaya ba ya saura.

Kuma da Hausa mai ƙugiya nake rubuta masa, don a kan wannan Baba ba ya wasa. Mai gyaran rediyo ne, ya sha tsokana a kasuwa wai mu Yarbawa ba mu iya bambanta ƙ da k ba. Sai ya ɗauki abin da zafi. Yakan duba littafina ya ce, "Ramota, ina ƙugiyar wannan? Kada ki sake ki bar harafi tsirara." Shi kaɗai ke ce min Ramota. Shi ya sa a kowace kwamfuta na gyara maɓallaina: in na danne wani ɗan maɓalli da babban yatsa na buga k, sai ƙ ta fito.

Akwai kuma wani ɗan abu da ya faru mako biyu baya, wanda a lokacin ban ba shi muhimmanci ba. Mama ta yi kwana biyu tana ɗaure min fuska. Da na matsa mata da tambaya, ta ce, "Babu komai. Tunda an gaji da bakina ai sai in yi shiru." Na yi ta rantsuwa ban ce haka ba. Na ɗauka rigimar tsufa ce kawai.

Juma'ar da ta wuce, ga abin da na rubuta wa Baba. An shirya ranar Asabar za mu je Zugurma ni da Mama, mu gaida kakar Salman da ba ta iya tafiya, kafin zuwan manyansa. Ni kuma ina da asma tun ina yarinya. Sai na rubuta: "Baba, an ce mu je Zugurma, ka kuwa san yadda nake tsoron ƙura. Ba na so in je gidan mutane ina tari kamar tsohuwar tunkiya." Na rufe shafin kamar kullum.

Ranar Lahadi Salman ya zo zance bayan la'asar. Na sa atamfata mai ganye-ganye, na yafa mayafin nan ruwan toka da ya saya min. Shi kuma yana cikin shadda fara ƙal, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga falo. Na kawo masa zoɓo mai sanyi da cincin a faranti. Muna cikin hira kan tafiyar, sai ya ajiye kofi ya kalle ni da murmushin nan nasa mai kwantar da hankali.

"Ki kwantar da hankalinki, ranki ya daɗe. Babu kurar da za ta taɓa ki."

Na ce, "Wace kura kuma?"

"Kurayen suna can cikin gandun daji, ba sa fitowa hanya. Tun muna yara ma sai dai mu ji labari. Ni da nake tare da ke, wace kura?"

Na fashe da dariya har da riƙe ciki. "Oh ni Rahmat! Yaushe na ce ina tsoron kura?"

Ya ɗan yi jim. Wallahi bai fi ƙiftawar ido biyu ba, amma na gani. Sannan ya yi dariya shi ma.

"Ƙila a mafarki kika faɗa min."

Muka ci gaba da hira, na raka shi har bakin mota, na ɗaga masa hannu. Sai da na dawo na tsuguna a bakin rijiya ina wanke kofuna, dariyar tana nan a bakina, sannan wani sanyi ya taso min tun daga tafin ƙafa. Kofin ya suɓuce ya faɗa cikin baho.

'Yan uwa, ku furta su da bakinku yanzu. Ƙura. Kura. Ko wanda ya koyi Hausa jiya a kasuwar Kontagora ba zai ji ɗaya ya ɗauka ɗayar ce ba, muryarsu ma daban take hawa da sauka. Kunne ba ya wannan kuskuren. Ido ne kawai ke yinsa, shi ma sai in an rubuta babu ƙugiya. Ni kuwa da ƙugiyarta na rubuta, na gan ta da idona a kan gilashi. Ke nan wanda ya karanta ba a kan gilashi ya karanta ba. Daga ƙarƙashin yatsuna ya karanta, inda k take k kawai.

Jiya Litinin tun kafin ɗalibai su zo na isa cibiya. Anti Cecilia tana share gaban shago, da zanenta ɗaure a ƙugu. 'Yar Kaboji ce, ita ta koya min duk abin da na sani bayan Baba. Tana ganin fuskata ta jingine tsintsiya.

"Rahmat, wa ya mutu?"

"Anti, kashe waifai tukuna."

Ba ta tambaye ni dalili ba, ta zare wayar na'urar intanet ɗin daga bango. Na ajiye kwamfutar a kan teburinta na kunna.

Bari in yi muku bayanin da nake wa ɗalibaina, don ku ji abin da ya fi ba ni haushi. A can tsakiyar Linux akwai abin da ake kira kanel, shi ne maigidan na'urar. Duk maɓallin da kika danna, duk sautin da ya shiga, ta hannunsa yake bi. Akwai kuma ƙananan ma'aikata da ake shigar masa, ana ce musu modul, wani na sauti, wani na kyamara, wani na waifai. Kowane na gaskiya yana zuwa da sa hannun waɗanda suka tsaya masa. In wani ya zo babu sa hannu, a yawancin na'urori kanel ba ya korarsa, yakan bar shi ya shiga. Amma sai ya ɗaga wata lamba a jikinsa, yana cewa: ku shaida, wani ya shigo min wanda babu mai tsaya masa. Na'ura mai tsabta sifili take nunawa. Kuma in lambar ta tashi, ko baƙon ya fita ba ta sauka, sai an kashe an kunna.

Na buga umarnin da ke nuna lambar. Dubu goma sha biyu da ɗari biyu da tamanin da takwas.

Anti ta sauke gilashinta kan hanci. "Baƙo ne daga waje, kuma babu sa hannu. Tun yaushe?"

A nan ne na sunkuyar da kai. Don na taɓa ganin lambar nan, tun satin farko. Na ma tambayi Salman a waya, ya ce, "Au, na waifai ne, wanda ya zo da ita ba ya kamawa sosai shi ya sa na saka wani." Ni da nake tsayawa gaban allo ina ce wa yaran mutane kada su raina wannan lambar, na ce masa "To, sannu da ƙoƙari." Har da 'yar zuciya ja na tura masa.

Anti ba ta yi min faɗa ba. Ta ja kujera ta ce, "Kira min sunayensu duka."

Muka jero duk modul ɗin da ke ciki, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na sauti, da sa hannu. Na kyamara, da sa hannu. Na waifai ɗin da ya ce ya canza, shi ma da sa hannunsa lafiya lau, ba a taɓa shi ba. Muka kai ƙarshen jerin babu ko ɗaya marar sa hannu. Muka kashe muka kunna, lambar ta dawo daram. Kamar ki ƙirga takalma a ƙofar ɗaki ki samu ƙafa bakwai, ki leƙa ciki ki ga mutum shida, kuma duk suna kallonki.

Shagon shiru, sai fankar sama da ke juyawa. Na tsinci kaina ina kallon ɗan ramin kyamarar nan da ke saman gilashi. Anti ta lura, ta yago 'yar takarda ta manna a kai da yawu.

"Ya goge sunansa daga jeri," in ji ta a hankali, kamar mai gudun kada a ji. "Amma ya manta da lambar. Ko kuma ya san kin yarda da shi."

Ta ɗauko filashinta na ajiye bayanai ta soka, ta tayar da na'urar daga waje, yadda abin da ke ciki ba zai farka ba balle ya ɓuya. Mun fi awa muna tono. Ɗalibai suka zo ta ce musu yau babu darasi. Can cikin wani lungu da ba mai zuwa, muka samu wata jakar fayiloli. Sunanta ramota. Ranar da aka ƙirƙire ta kwana ɗaya ne kafin a kawo min kwamfutar.

Na ce, "Anti, ban taɓa faɗa masa wannan sunan ba."

Ta buɗe. Yesu ta kira, ta dafe ƙirji.

Wasiƙuna ne. Duka. Na wata huɗu, Juma'a bayan Juma'a, har da kalmomin da na fara na goge, har da inda na rubuta "Baba" sau tara a jere don na rasa abin cewa. Alawar madara tana nan, mayafin da ya ƙone yana nan. Duk haruffan tsirara, babu ƙugiya ko ɗaya, kamar wani ne ya kwaikwayi muryata da toshewar hanci. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: ka kuwa san yadda nake tsoron kura.

Kunya ce ta fara kama ni kafin tsoro. Abubuwan da na faɗa wa Baba ko 'yan uwana da muka fito ciki ɗaya ba su sani ba. Anti ta kau da kai don kada ta karanta, ni kuma na ci gaba da gangarawa sama ina kuka. Sai idona ya faɗa kan wani layi na mako biyu baya. A lokacin matan unguwa sun dame mu da zarya, kowace da shawararta kan kayan ɗaki, ni ce dafa shayi ni ce wanke kofi. Abin da na rubuta shi ne na gaji da baƙin Mama. Abin da ke gabana kuwa: na gaji da bakin Mama.

Na daina kukan cak.

Anti ta kulle kwamfutar a cikin kabad ɗin ƙarfe. Ta miƙo hannu. "Kawo wayarki ma. Ya taɓa riƙe ta?"

"Sau da yawa."

Ta haɗa su ta kulle, ta zura makullin a lalitarta. "Je ki gida haka nan. In kin ga ba za ki iya kwana a can ba, ƙofata a buɗe take."

Azahar ta ɗan gota na shiga gida. Mama atamfa take sayarwa, na same ta a tsakar gida kan tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tana ninke sababbin turame, wayarta a kife kan tarin. Na cire takalmi na durƙusa a gefenta.

"Yau da wuri haka?"

"Mama, wa ya ce miki na gaji da bakinki?"

Hannunta ya tsaya a kan turmin. Ba ta kalle ni ba.

"Baƙi na rubuta, Mama. Baƙinki, su Maman Dorkas da ke zuwa kullum. Ba bakinki ba. Abin da Salman ya saka a kwamfutata ba ya ganin ƙugiya. Haka jiya ya zauna a falon nan yana ba ni haƙuri a kan kura, alhali ƙura na rubuta, ƙurar hanya, saboda asmata. Wa ya ba shi sunan da Baba ke kirana?"

Ta daɗe tana shafa atamfar kamar mai neman ƙaiƙayi a jiki. Da ta buɗe baki, muryarta ba ta faɗa ba ce.

"Duk Juma'a ki shige ɗaki ki kulle. In tsaya a bakin ƙofa ina jin kukanki, ki fito ki ce min mura ce. Shekara biyu, Rahmat. Na ɗauka wani ne yake wasa da hankalinki a cikin abin nan. Wata rana ma na ɗauka iska ce ta shafe ki. Na faɗa wa yaron nan damuwata, ya ce akwai abin da zai saka mu san ko lafiya. Ya nemi izinina, ni na ba shi. Ni na haife ki, ba ni da iko?"

"Ya faɗa miki da wa nake magana?"

Sai hawaye. "Ya ce da Babanki ne. Ya ce in bar ki, shi zai riƙa lura."

"Kuma kika bar shi yana karantawa."

"Ai mijinki ne."

"Bai zama ba tukuna, Mama. Kuma babu inda za ni ranar Asabar."

Ta ɗago a fusace. "Kada ki soma! An gaya wa mutane, an sayi goro. Laifi ne mutum ya damu da ke? Wa kika gani yana sanin ran mace kamar yaron nan? Ke dai ki ce..."

Wayarta ta yi ƙara a kan turamen. Ta ɗauka ta nisanta da fuskarta, ta matso da ita, sannan ta miƙo min kamar yadda ta saba.

"Duba min, ban sa gilashi ba."

Salman ne. Na karanta a zuci. Mama ta ce, "Me aka ce?" Sai na karanta mata a fili.

"Mama, ki ba Rahmat haƙuri. Ƙura ce ashe, ba kura ba. Zan rufe gilashin mota."

Mutumin da tun da na san shi bai taɓa sa wa harafi ƙugiya ba, ga Ƙ ɗinsa nan tsaye da ƙugiyarta.

Mama ta ce, "To ka ji, ai ga shi yana ba da..." Sai ta tsaya. Ta kalli hannuna da babu jaka. "Ina wayarki?"

"Tana shago a kulle. Da kwamfutar."

"Kin kira shi?"

Na girgiza kai.

"Ni ma ban kira shi ba." Ta faɗa a hankali. "Wallahi tun jiya ban..."

Ba ta ƙarasa ba. Mu biyu muka zuba wa wayar ido a tafin hannuna. Babu kowa a gidan sai mu, sai kaji da ke tono a gindin rijiya. Na ga lokacin da jinin fuskar Mama ya janye. Ta ɗora yatsa a leɓenta. Ta karɓi wayar da bakin zanenta kamar mai sauke tukunya daga wuta, ta naɗe ta cikin turmin atamfa sabo, ta tura cikin babbar kular abinci ta danne murfin. Sannan ta kama wuyan hannuna ta ja ni har bayan ɗakin girki, inda muke tara itace.

Hannunta sanyi ƙalau. Ta matso da bakinta daf da kunnena.

"Ramota." Tun rasuwar Baba ban ji sunan a bakin kowa ba. "A kan sallayata nake ajiye ta. Kullum. Kuma kin san ni ba na iya addu'a a zuci."

Na ce, "Na sani, Mama."

Ta ƙara damƙe hannuna.

"Maganar kafin azumin nan. Ni fa na ɗauka Allah ne ya amsa min."